Daga Arewa zuwa ɗakin tiyata: tarihin bambancin mata da maza wajen samun dashen ƙoda

Gabatarwa

A kusan duk ƙasar da ake dashen ƙoda, maza sun fi mata samun sa. Wannan maƙala tana duba tarihin wannan bambanci daga ƙasar Arewa ta Nijar, wato ƙasar Arawa da Gubawa da ke kwance a Dallol Mawri, wadda tun 2011 aka raba ta gunduma biyu, Dogon Dutsi da Tibiri, cikin jihar Doso. A ƙidayar 2012 mutanen gundumomin biyu sun haura 600,000. Ana iya tambayar mu dalilin da ya sa za mu yi zancen dashe daga wurin da ba a yin sa. Amsarmu ita ce, wanda ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata yana ƙirga masu shiga, ƙarshen labari kawai ya gani. An riga an tace marasa lafiya tun a hanya, kuma matatan da suka tace su suna da tarihi: tarihin asibitin Nasara da waɗanda aka gina shi dominsu, tarihin kuɗi da izini a cikin gida, da tarihin haihuwa, wadda za mu ga cewa tana cutar da ƙodar mace, sannan ta rufe mata ƙofar da ta fi kusa da ita.

1. Yadda abin ya faro a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi

A daren Kirsimeti na 1952, a asibitin Necker da ke Paris, likitocin da ke aiki tare da Jean Hamburger suka dasa wa wani yaro kafinta mai shekara 16, Marius Renard, ƙodar mahaifiyarsa. Yaron ya faɗo ne daga kan gini, aka cire masa ƙodar da ta fashe, sai daga baya aka gane ita kaɗai gare shi. Ƙodar uwar ta yi aiki wajen mako 3, jikin yaron ya ƙi ta, ya rasu cikin Janairun 1953. Nasara ta farko mai ɗorewa ta zo ranar 23 ga Disamba 1954 a Bostan ta Amurka, inda Joseph Murray ya yi dashe tsakanin tagwaye maza, Ronald da Richard Herrick. Littattafan tarihi sun fi ambaton tagwayen, amma labarin Paris ne ya fi nuna abin da zai biyo baya: mace ta bayar, namiji ya karɓa.

A 1960 Belding Scribner ya samo dabarar da ta sa ana iya maimaita wankin ƙoda tsawon shekaru. Injuna ba su da yawa, don haka a birnin Siyatil aka kafa kwamitin mutanen gari don su zaɓi wanda za a ɗora a kai. Mujallar Life ta tona yadda suke aiki a 1962: suna duba shekarun mutum, da sana'arsa, da abin da yake samu, da aurensa, da yawan bakin da yake ciyarwa. Ma'auni irin wannan, ko ba a ambaci jinsi ba, magidanci mai albashi yake zaɓa. Mu riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi a Yamai.

Bayan maganin siklosporin ya shigo kasuwa a 1983, dashe tsakanin waɗanda ba tagwaye ko 'yan ciki ɗaya ba ya ƙara samun nasara. A 1995 Paul Terasaki da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙodar miji ko ta mata tana ɗorewa sosai ko da babu dangantakar jini. Ƙofar ta buɗe wa ma'aurata, sai dai gefe guda ta fi buɗewa. Wani bincike na Kanada da aka buga a 2000 ya gano cewa cikin matan da suka cancanci ba mazansu ƙoda, kashi 36 cikin 100 sun bayar, cikin mazan da suka cancanta kuwa kashi 6.5 ne. A Amurka, wajen 6 cikin 10 na masu bayarwa da ransu mata ne, wajen 6 cikin 10 na masu karɓa maza ne. Ƙididdigar hukumar dashe ta Indiya ta 1995 zuwa 2021 ta fi haka muni: cikin dashe 36,640 na gaɓoɓi dabam-dabam, 4 cikin 5 na masu karɓa maza ne.

Adalci ya sa mu faɗi cewa wani ɓangare na wannan rata daga halitta yake. Binciken nauyin cututtuka na duniya na 2017 ya nuna ciwon ƙoda mai daɗewa ya fi yawa ga mata, amma ya fi saurin kai maza ga mutuwar ƙoda. Don haka ko a inda ba a nuna bambanci, za a ga maza sun ɗan fi yawa a layin wanki. Halitta tana iya bayyana 6 cikin 10. Ba ta isa ta bayyana 4 cikin 5 ba.

2. Wa aka gina wa asibiti?

Ƙasar Arewa ta ga bindigar Faransawa lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu cikin Afrilun 1899. Bayan yarjejeniyoyin iyaka na 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila ƙasar ta tabbata a hannun Faransa, mulki ya tashi daga Matankari ya zauna Dogon Dutsi. (A nan za mu ɗan ratse. Duk sa'ad da aka ta da zancen matan Arewa, ba a rasa mai ambaton Sarauniyar Lugu don ya nuna cewa mace tana da daraja a ƙasar. Gaskiya ne, kuma Marc-Henri Piault ya bayyana matsayin Sarauniya da na Bauran Bagaji cikin Histoire mawri tun 1970. Amma ikon tsafi da na ƙasa daban, ikon kwance bakin jaka a fitar da kuɗin mota zuwa Yamai daban.)

Hukumar kiwon lafiyar 'yan ƙasa ta Afirka ta Yamma ta Faransa an kafa ta a 1905, makarantar likitoci ta Dakar kuma a 1918, da sashen ungozomomi a cikinta. Wannan tsari ya san mutum iri biyu. Na farko namiji ne: soja, ɗan sanda, tafinta, ma'aikaci, lebura, wanda lafiyarsa take da amfani ga aikin mulki. Ta biyu mace ce mai ciki, wadda ake so ta haifi masu biyan haraji da leburorin gobe. Barbara Cooper, cikin littafinta na 2019 kan tarihin haihuwa a Sahel, ta bi diddigin yadda damuwar yawan jama'a ta mamaye tunanin hukuma game da mata. Namiji ya shiga asibiti a matsayin mutum mai jiki gaba ɗaya, mace ta shiga ta ƙofar ɗakin haihuwa.

'Yancin kai na 1960 bai rushe wannan gini ba, ƙara masa ɗakuna ya yi. An yawaita wuraren awon ciki da na yara, an horar da ungozomomin ƙauye, an buɗe makarantar ilimin lafiya a jami'ar Yamai a 1974. Ga ciwon da ya fi ƙarfin asibitocin ƙasa, hanya ɗaya ce: gwamnati ta fitar da majinyaci waje, abin da takardun hukuma ke kira évacuation sanitaire, zuwa Faransa da farko, daga baya Maroko da Tunisiya da wasu ƙasashe. A shekaru 60 na farkon 'yancin kai, ɗan Nijar da ya samu dashen ƙoda a wata ƙasa ya same shi. Fita waje kuwa takarda ce da ke bi ta ofis-ofis kafin majalisar likitoci ta sa hannu, kuma wanda ya san ofis shi ke iya bin ta: ma'aikacin gwamnati, hafsan soja, babban ɗan kasuwa. Ba mu buƙatar zargin kowa da ƙin mata don mu ga sakamakon. A ƙasar da makarantar boko ta daɗe tana ɗaukar yara maza fiye da mata, kuma albashi ya bi makaranta, kwamitin Siyatil ya sake zama a Yamai ba tare da an kafa shi ba.

Shekarun 1990 suka ƙara tsauri. Bayan shirin Bamako na 1987, da karyewar darajar sefa cikin Janairun 1994, dokar 1995 ta tabbatar da biyan kuɗi a ƙananan asibitoci. Sauƙin da ya zo a 2005 da 2006 ya ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa, da awon ciki, da tsarin iyali, da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mataki ne babba, kuma ya ceci rayuka. Amma a lura da iyakarsa: tsohuwar ƙofar nan ce aka faɗaɗa. Matar da ta fito daga jego da hawan jini, bayan arba'in ta koma cikin masu biya.

3. Haihuwa da ƙoda

Nan ne zuciyar maganarmu. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya ba da matsakaicin haihuwa 7.6 ga kowace mace a Nijar, ya kuma nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata sun yi aure kafin shekara 18. Binciken 2021 ya sauko da adadin haihuwar zuwa 6.2. Ko da wannan sauki, matar ƙauyen Geceme ko Dogon Kirya tana shafe mafi yawan ƙuruciyarta tsakanin ciki da goyo.

Ciki yana taɓa ƙoda ta hanyoyi sanannu. Zubar jini mai yawa lokacin haihuwa yana hana ƙoda jini har ta tsaya. Ƙwayoyin cuta bayan doguwar naƙuda ko ɓari suna yin haka. Hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga, ya fi kama mai cikin fari, musamman ƙaramar yarinya, kuma wadda ta tsira daga gare shi tana ɗauke da ƙarin haɗarin ciwon ƙoda har tsufanta. A ƙasar Hausa an daɗe da rubuta wannan. Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa mutuwa ta fi afka wa matan da ba su yi awo ba, waɗanda aka kawo a makare. A Zariyar dai, Davidson da Parry sun danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta, Arnaud Cénac kuma ya yi nazarin ciwon a Yamai. Gishirin kanwa da ke nauyaya wa zuciya ba ya sauƙaƙa wa ƙodar mai hawan jini.

Matsalar ita ce ciwon ƙoda ba ya ihu. Kasala, ƙarancin jini, kumburin ƙafa, rashin cin abinci: duk alamomin da mai ciki ko mai goyo ta saba da su ne, kuma gida ya saba ganin su a jikinta. Namiji in ya kasa riƙe hauya cikin damina, gida ya girgiza. Mace in ta kasa daka, a ce jego ne bai sake ta ba. Har awon ma yana da nasa tarihi. Ana gane aikin ƙoda ta wani sinadari cikin jini, kiriyatinin, wanda tsoka ke fitarwa. Mace ba ta kai namiji tsoka ba, don haka adadin da za a ce ba laifi ga namiji yana iya zama alamar ƙoda ta yi nisa ga mace. Lissafin Cockcroft da Gault na 1976, wanda likitoci suka daɗe suna aiki da shi, a kan maza 249 aka gina shi, sannan aka ce a rage kashi 15 cikin 100 in mace ce.

Sai abu na biyu, wanda ba a cika faɗa wa iyalai ba. Kowane mutum yana da wasu alamomi a jikin ƙwayoyin halittarsa, waɗanda ake kira HLA, rabi daga uwa, rabi daga uba. Garkuwar jiki da su take gane nata da baƙo. Jaririn da ke ciki yana ɗauke da rabin alamomin ubansa, kuma jikin uwa yana iya ƙera makaman kariya a kansu, ya ajiye. Yawan ciki yana ƙara yiwuwar haka, ƙarin jini ma yana ƙarawa, ga shi kuwa mata ne suka fi shan ƙarin jini saboda haihuwa. Jean Dausset, wanda ya samu kyautar Nobel a 1980, shi ya fara bayyana irin waɗannan alamomi a 1958. A shekarar ce Jon van Rood a Holan da Rose Payne a Amurka suka gano makaman cikin jinin matan da suka haihu da yawa, kuma da jinin irin waɗannan mata aka yi shekaru ana tantance alamomin. A 1969 Patel da Terasaki suka nuna cewa in aka dasa ƙoda ga mai irin waɗannan makamai, jiki yana iya kashe ta nan take, shi ya sa ake gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa kafin tiyata. Ilimin da dashe ya tsayu a kansa daga jinin uwaye aka tatso shi, kuma shi ne ke yanke wa uwaye hukunci.

Mu kawo abin gida. Magidanci a Matankari, in ƙodarsa ta mutu, yana da ƙanne, da 'ya'ya, da mata ɗaya ko biyu, kuma in ba a sha ƙara masa jini ba, jikinsa bai yi gaba da kowa cikinsu ba. Matarsa mai haihuwa bakwai, mutanen da jikinta ya fi yiwuwa ya ƙi su ne mijinta da 'ya'yan da ta haifa masa. Saura 'yan'uwanta. A nan ma Bahaushe ya riga likita rarrabewa: ɗan'uwa ciki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar 1 cikin 4 ta dacewa da ita gaba ɗaya, ɗan uba kuwa rabi ne iyakarsa. Yayyenta maza suna da nasu gidaje da gonaki. Ƙannenta mata suna gidajen wasu mazan, suna tsakiyar haihuwa, kuma tsoron da za a ji musu ba na banza ba ne: wani binciken Kanada na 2015 ya samu hawan jinin ciki ga kashi 11 cikin 100 na matan da suka ba da ƙoda, kashi 5 ga waɗanda ba su bayar ba.

4. Hanya

Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai wajen kilomita 275 ne a kan babbar hanya ta 1, ta Doso. Wankin ƙoda yadda ya kamata sau 3 ne a mako, awa 4 kowane zama. Ba tafiya ce ta je-ka-dawo ba. Wanda aka ɗora a injin asibitin Lamorde ya yi ƙaura ke nan, kuma da wuya a kai ga dashe ba a bi ta wanki ba, tun da shi ke riƙe rai kafin a gama gwaje-gwaje da tara kuɗi. Wani nazari da ya tattara rahotannin Afirka kudu da Sahara, wanda aka buga a 2017, ya nuna kashi 84 cikin 100 na manyan da suka fara wanki sun daina, kuma kashi 1 ne suka kai ga dashe.

Ƙaura tana da jinsi a Arewa. Maza sun gaji cin rani, sun san Sakkwato da Kano da Legas da Kwatano, suna da masauki da abokan fatauci, suna riƙe da naira. Gandu da rumbu da shanu a hannunsu suke, su ne abin da ake sayarwa in ciwo ya yi tsanani. Dukiyar mace gamana ce, da awaki, da kayan ɗaki, da ribar ƙuli-ƙuli, abin da zai biya wanki 'yan makonni. Namiji in ya kwanta, matarsa ce mai jinya, ba sai an nema ba. Mace in ciwo ya daɗe, al'ada ta san a mai da ta gidan iyayenta jinya, nauyi ya tashi daga kan miji ya koma kan dangin da suka riga suka aurar da ita, a gidan miji kuma kishiya ta riƙe tukunya. Adeline Masquelier, wadda ta yi shekaru tana bincike a Dogon Dutsi, ta rubuta a 2009 yadda wa'azin shekarun 1990 ya sa fitar mace da kashe kuɗinta suka zama abin muhawara a garin. Sai dai ba mu ga dalilin ɗora wa addini wannan rata ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Fabrairun 1988, ta halatta ba da gaɓa don ceton rai, ta haramta sayar da ita, ba ta kuma bambanta mace da namiji ba.

Ga mutanen Arewa, Nijeriya ta fi Faransa kusa. Asibitin St. Nicholas na Legas ya yi dashen farko a ƙasar a 2000, asibitin koyarwa na Aminu Kano ya bi a 2002, na Maiduguri a 2010, na jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato a 2025. Tsakanin 2000 da 2010 an ƙirga dashe 143 a duk Nijeriya, mafi yawa a asibiti mai zaman kansa. Abin lura a rahotannin Nijeriya shi ne maza sun fi yawa cikin masu karɓa, kuma cikin masu bayarwa ma, saɓanin Amurka da Indiya. Kada a ɗauki wannan a matsayin sauƙi ga mata. A can ana cire wa mace ƙoda a ba namiji, a nan maza ne ke ba maza, mace ba ta cikin ɗakin ko ta wane gefe. Kuma inda matasa maza marasa dangantaka da majinyaci suka yawaita cikin masu bayarwa, dole a yi tambayar kuɗi, wadda sanarwar Istambul ta 2008 da dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 suka yi ƙoƙarin toshewa.

Tiyata ba ita ce ƙarshen hanya ba. Wadda aka yi wa dashe za ta sha maganin danne garkuwar jiki kullum har ƙarshen ranta, kuma sai an riƙa awon jininta don daidaita shi. Haihuwa tana yiwuwa bayan dashe, Edith Helm ta Amurka, wadda aka dasa wa ƙodar 'yar tagwayenta a 1956, ta haihu a 1958. Amma likitoci suna so a jira shekara 1 zuwa 2, kuma ɗaya daga cikin magungunan da aka fi bayarwa, mikofenolat, yana nakasa jariri, sai an canza shi da wani kafin a ɗauki ciki. Wannan shawara ce da ake yankewa da miji, a gidan da darajar mace ke rataye da goyo. Likitan da zai canza maganin yana Kano ko Sakkwato, a ƙetaren iyakar da ta kasance rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris na 2024.